HASKEN DA KE AUNA ISKAR ƘWAƘWALWA BA TARE DA AN TSAGA KAI BA

An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu, don su fahimci wata na'ura da likitoci ke aiki da ita a manyan asibitoci, wadda ke auna yawan iskar oksijin da ke cikin jinin ƙwaƙwalwar mutum. Ba a tsaga kai, ba a huda fata, ba a ɗibar jini. Abin da a ke yi shi ne a manna wani ɗan ƙyallen roba a goshi, ya aika da wani irin haske cikin kai, hasken ya komo da labari. Talakawa in sun ga baƙon abu a jikin majinyacinsu su kan koma gida da tambaya, tambayar nan kuwa sau da yawa a zauren dagaci ko na hakimi ta kan ƙare. Sabo da haka ya kyautu shugabanni su san yadda abin ke aiki, da abin da ya iya, da kuma inda iyakarsa ta tsaya.

1. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu

Iskar da mutum ke shaƙa gauraye ta ke, kashi 21 cikin 100 nata ne kaɗai oksijin, watau sashen da ke riƙe da rai. Huhu shi ke tsamo oksijin ɗin ya zuba cikin jini, zuciya ta harba jinin zuwa kowace gaɓa. A cikin gaɓoɓin nan duka babu mai ci kamar ƙwaƙwalwa. Nauyinta ga babban mutum bai kai kilo ɗaya da rabi ba, wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ke nan, amma ita kaɗai ta kan cinye kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin da jiki ke amfani da shi sa'ad da mutum ke hutawa.

Ga shi kuma ba ta da rumbun da za ta yi ajiya, hannu baka hannu ƙwarya ta ke yi. In jini ya yanke mata ɗungum, cikin daƙiƙa 10 ko makamancin haka mutum ya kan suma. In yankewar ta kai minti 4 zuwa 6, ƙwayoyinta su kan soma mutuwa, waɗanda suka mutu kuwa yawancinsu ba su da mayewa. Daga nan ne a kan sami shanyewar ɓarin jiki, ko sarƙewar harshe, ko yaro ya tashi bai iya zama ko tafiya ba.

Mutumin da ke farke ya kan ba da alama in iskar ta ragu: ya ce jiri na ɗibarsa, ko maganarsa ta rikice. To, amma wanda aka yi wa allurar barci domin tiyata fa? Bakwainin da ke kwance cikin kwalba fa? Waɗannan ba su da bakin faɗa. Dā likita ya kan dogara ga awon bugun zuciya da ƙarfin jini, ya yi kintace. In yana son tabbaci sai ya zura siririn bututu cikin babbar jijiyar wuya ya ɗebo jinin da ya fito daga kai, ko kuwa a huda ƙoƙon kan a sa ma'auni. Hanyoyin nan biyu duk suna da haɗari, ba a yi wa kowa. Wannan shi ya sa masana suka daɗe suna neman hanyar leƙawa daga waje.

2. Jini yana sake launi

Kowane mahauci ya san jini ba launi ɗaya gare shi ba, akwai ja wur, akwai mai duhu-duhu. Dalili kuwa shi ne, a cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai ƙarfe a cikinsa, sunansa himogulobin, shi ne ɗan dakon oksijin. Kowane ɗayansa yana iya ɗaukar ƙwayar oksijin huɗu. In ya yi lodi a huhu sai ya yi ja wur, in ya sauke kayan a cikin gaɓoɓi sai ya yi duhu. A shekarar 1864 wani masani na Jami'ar Kambirij a Ingila, George Stokes, ya nuna cewa wannan sakewar launi daga ɗauka da sauke oksijin ta ke. Tun daga nan aka gane cewa wanda ya iya auna launin jini daidai, ya iya sanin yawan iskar da ke cikinsa. Wuyar aikin ita ce yadda za a ga launin jinin da ke bayan fata da ƙashi.

3. Hasken bayan ja

Farin hasken rana launuka ne a haɗe, kamar yadda bakan gizo ke nunawa, ja a gefe guda, shuɗi da algashi a ɗaya gefen. A shekarar 1800 William Herschel, masanin taurari da ke zaune a Ingila, ya rarraba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya riƙa sa ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusa da ma'aunin gaba da ja, inda ido bai ga kome ba, sai ya ga zafin ya ƙaru. Ashe akwai wani haske a wurin wanda idon ɗan Adam ba ya gani. Shi ne a cikin wannan darasi za a kira hasken bayan ja.

Masu sauraron rediyo sun san maganar gajeren zango da matsakaicin zango, waɗanda a ke aunawa da mita. Haske ma dangin igiyar rediyo ne, sai dai zangonsa ƙanƙane ne ƙwarai, da nanomita a ke auna shi. In aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Ido yana ganin abin da ke tsakanin nanomita 400 da 700. Sashen da ke maƙwabtaka da ja, daga 700 zuwa sama kaɗan, shi ne makusancin bayan ja, shi ne kuma abin maganar. Ba baƙo ba ne a gidaje, gama da irinsa rimot ke ba akwatin talabijin umurni.

Ga wani gwaji da kowa zai iya yi. A shiga ɗaki mai duhu, a kifa yatsu a bakin tocila. Za a ga yatsun sun yi ja, domin jini ya shanye shuɗi da kore da rawaya, ja kaɗai ya sami ratsawa. Makusancin bayan ja ya fi jan ma iya ratsawa. Haske mai gajeren zango jini ke shanye shi, mai dogon zango sosai kuma ruwan jiki ke shanye shi, amma tsakanin nanomita 700 da 900 sai aka sami wata 'yar taga, inda jini da ruwa duk ba su sha da yawa. Ta wannan taga a ke leƙa ƙwaƙwalwa.

4. Wanda ya buɗe tagar

Mutumin da ya nuna wa duniya wannan taga shi ne Frans Jöbsis, malami a Jami'ar Duke ta ƙasar Amurka. Shi da kansa ya ba da labarin cewa a ƙarshen 1976, ana cin abinci a gidansa, ya ɗaga wani faffaɗan ƙashin naman sa ya tara shi ga haske, sai ya ga inuwar yatsa ta bayan ƙashin. Ya ce a ransa in jan haske ya ratsa ƙashi haka, lalle na bayan ja zai fi. Ya gwada a kan kyanwoyi, ya gwada a kan mutum, a 1977 ya buga sakamakon. A 1985 abokan aikinsa suka gwada hanyar ga bakwaini, a 1986 kuma wasu masana na Jami'ar Landan, cikinsu har da David Delpy da John Wyatt, suka nuna yadda za a mai da awon ya zama lissafi ga jarirai marasa lafiya. Kafin shekarun 1990 su ƙare, kamfanoni a Japan da Amurka suna ƙera na'urorin suna sayar wa asibitoci.

5. Yadda na'urar ke aiki

A jikin ƙyallen da a ke mannawa a goshi akwai 'yar fitila guda, da idanu biyu masu karɓar haske, ɗaya wajen santimita 3 daga fitilar, ɗaya wajen santimita 4. Yawanci a kan manna biyu, dama da hagu, sabo da kowane ɓarin ƙwaƙwalwa da jijiyarsa.

Hasken in ya shiga kai ba ya tafiya miƙe. Warwatsuwa ya ke yi, kamar hasken fitilar mota cikin hazo mai kauri, ya bugi nan ya bugi can. Yawancinsa ya kan ɓace, amma kaɗan ya kan lanƙwaso ya fito ta goshin, bayan ya bi hanya mai siffar ayaba. Zurfin da ya kan kai wajen rabin tazarar da ke tsakanin fitila da ido ne, watau santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Sabo da yawan kai da komowa, tafiyar da ya yi a kan babban mutum ta kan kai kusan ninki 6 na tazarar nan, masana Landan ne kuwa suka auna wannan. Ido na kusa ya fi ganin fata da ƙashi, na nesa yana ganin su har da ƙwaƙwalwa. Na'urar sai ta ɗebe na farko daga na biyu, kamar yadda mai awo kan ɗebe nauyin buhu don ya san nauyin hatsi.

Sauran lissafin kamar na shayi ne a kofin gilashi: in ganyen ya yi yawa haske kaɗan ke wucewa. Himogulobin da ya sauke kaya ya fi shan haske mai zango ƙasa da nanomita 800, wanda ke ɗauke da kaya ya fi shan mai zango sama da 800, a wajen 800 ɗin kuwa shansu ɗaya. Fitilar ta kan aika da zango biyu ko fiye, har zuwa biyar a wasu na'urori, a gwama abin da ya komo daga kowanne, sai lamba ta fito a allo, tana nuna kashi nawa cikin 100 na himogulobin wurin ke ɗauke da oksijin.

6. Bambancinta da ta yatsa

Mutane da yawa sun san ƙaramar na'urar nan da a ke maƙala wa majinyaci a yatsa. Takuo Aoyagi, injiniya a Japan, shi ya gano dabararta a 1972. Ita tana bin bugun zuciya ne, tana auna jinin da ya taso daga huhu bai sauke kaya ba tukuna, shi ya sa ga lafiyayye ta kan nuna 95 zuwa 100. Ta goshi kuwa tana auna dukan jinin da ke wurin, wanda kashi 70 zuwa 75 cikin 100 nasa ya riga ya sauke kaya yana hanyar komawa. Don haka ga lafiyayye ta kan nuna wajen 60 zuwa 80, wannan kuwa ba abin tsoro ba ne.

Misalinsu kamar malamai biyu ne a kasuwa. Na farko yana bakin ƙofa da safe yana duba ko kowace mota ta shigo cike. Na biyu yana duba abin da ya rage cikin motocin da yamma. Na farko zai iya cewa kowace mota cike ta ke, alhali motocin da suka zo ba su da yawa, gari kuwa na cikin yunwa. Na biyu shi zai ga an wawashe kayan, ya san abin da ke zuwa bai isa ba. Wani amfanin ta goshi kuma, ba ta bukatar bugun zuciya, tana aiki ko an tsai da zuciya.

7. Inda a ke aiki da ita

Babban wurin aikinta ɗakin tiyatar zuciya ne, inda a kan tsai da zuciya inji ya karɓi aikinta, da tiyatar babbar jijiyar wuya, inda a kan matse jijiyar na ɗan lokaci. Kafin a sa majinyaci barci a kan rubuta lambarsa ta asali. In ta sauka da kashi ɗaya cikin biyar na asalin, ko ta yi ƙasa da 50, likitoci da yawa su kan ɗauki wannan gargaɗi ne. Sai a duba ko wuya ya murɗe, ko bututu ya goce, ko ƙarfin jini ya faɗi, ko jinin ne ya yi kaɗan a ƙara. Wuri na biyu ɗakin bakwaini ne, su da ƙoƙon kansu bai yi kauri ba. Akwai kuma wata ta hannu, Infrascanner, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2011. Ita tana gwama dama da hagu na kan wanda ya yi haɗari, domin gefen da jini ya taru ya fi shan haske. Tana taimakawa wajen zaɓen wanda za a gaggauta kai wa babban asibiti, amma ba ta maye gurbin hoton kai ba.

Masu bincike ma suna aiki da wannan haske. Sashen ƙwaƙwalwa da ke aiki jini ya kan ƙaru gare shi, a 1993 aka nuna cewa hasken yana ganin wannan ƙaruwa. A 2014 masana Landan tare da ma'aikatan cibiyar binciken lafiya ta Keneba a ƙasar Gambiya suka buga sakamakon awon da suka yi wa jariran ƙauye 'yan wata 4 zuwa 8, da wata hula mai fitilu, jariri na zaune a cinyar mai riƙonsa. Daga nan aka ci gaba da binciken yadda ƙarancin abinci ke taɓa girman ƙwaƙwalwa. Hular nan motsin jini ta ke gani, ba ta san abin da mutum ke tunani ba.

8. Iyakarta

Na'urar tana ganin ɗan wurin da ke ƙarƙashin goshi ne kaɗai, ɓarna na iya aukuwa can ciki ko ta ƙeya ba ta sani ba. Jinin fatar kai ya kan shiga lissafin ko an yi ƙoƙarin ɗebe shi. Gashi, da shawara, da hasken rana mai ƙarfi duk su kan karkatar da awon. Na'urorin kamfanoni dabam-dabam su kan ba da lamba dabam a goshi ɗaya. Sabo da haka likita ya fi kula da hawa da saukar lambar mutum a kan tasa ta asali, kamar yadda malamin hakimi kan gwama amfanin gonar bana na ƙauye da nasa na bara.

Launin fata ma yana da magana, domin sinadarin da ke sa fata baƙi yana shan haske. A 2020 likitocin Jami'ar Mishigan suka duba awon da na'urar yatsa ta nuna 92 zuwa 96, suka gwama da jinin da aka ɗiba. Ga baƙaƙen fata kashi 11.7 cikin 100 na awon, ashe iskar jinin ta yi ƙasa da 88, ga fararen fata kuwa kashi 3.6. Ta goshi ma da haske ta ke aiki, don haka asibitin da zai saye ta ya kamata ya nemi shaidar an gwada ta a kan baƙar fata.

Tambaya mafi girma ita ce ko tana ceton rai. An gwada, bisa jagorancin likitocin Kwapanhagan ta ƙasar Danmak. Gwajin farko, wanda aka buga a 2015 da bakwaini 166, ya nuna cewa sa ido ga lambar ya rage lokacin da ƙwaƙwalwa kan yi cikin ƙarancin iska ko yawanta da fiye da rabi. Sa'an nan aka yi babban gwaji a asibitoci 70 na ƙasashe 17, da jarirai 1,601 waɗanda aka haifa kafin ciki ya kai mako 28. Aka raba su biyu, rabi da na'urar a awa 72 na farko, rabi babu. Sakamakon ya fito a 2023: waɗanda suka mutu ko suka sami mummunan rauni a ƙwaƙwalwa kashi 35.2 cikin 100 ne a ɓangaren na'urar, 34.0 a ɗaya ɓangaren, watau babu wani bambanci. A wajen tiyatar manya ma, da masana suka tara gwaje-gwajen a 2018, sun ga shaidar amfaninta ba ta yi ƙarfi ba. Abin da wannan ke koyarwa shi ne, na'urar mai gadi ce, ihu ta iya. In babu wanda ya san abin yi, ko babu abin yi da shi, ihun ba ya kama ɓarawo.

9. Abin da ya shafi hakimai da malamansu

Na farko, a kwantar wa jama'a da hankali. Hasken nan ba irin na hoton ƙashi ba ne, ba ya taruwa a jiki, ƙarfinsa kaɗan ne. Abin da a kan kiyaye kawai shi ne fatar bakwaini, sai a riƙa gusar da ƙyallen lokaci lokaci. Wanda ya ga lamba 68 a allon ɗan'uwansa kada ya ta da hankali, ya tambayi likita.

Na biyu, a yi hattara da 'yan damfara. Duk wanda ya zo kasuwa da wata fitila yana cewa zai auna basirar yaro, ko ya warkar da shanyewar jiki ko farfaɗiya da ita, sai a sanar da hukumar lafiya. Na'urar awo ce, ba ta warkar da kome.

Na uku, in aka nemi shawarar hakimi a kwamitin asibitin gunduma, a fara da abin da ya fi zama tilas. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa na'urar yatsa cikin abubuwan da a ke tabbatarwa kafin kowace tiyata. Ita, da tukunyar oksijin, da wutar da ba ta yankewa, da ma'aikatan da suka ƙware, su ne tushe. Ta goshi tana da tsada, wurinta asibitin da a ke manyan tiyata.

Na huɗu, a tuna da minti 4 zuwa 6 ɗin nan. Naƙuda mai tsawo, da jaririn da aka haifa bai yi kuka ba, da yaron da ke numfashi sama-sama, da wanda ya bugu a ka yana amai ko barci na fizgarsa, duk ba su jiran gari ya waye. Dagatai da masu unguwanni su tabbata kowane ƙauye ya san motar da za a nema da asibitin da za a nufa.

Tambayoyi domin bita

1. Don me ƙwaƙwalwa ta fi sauran gaɓoɓi saurin lalacewa in jini ya yanke?
2. Mene ne ya sa haske mai zango 700 zuwa 900 ke ratsa kai?
3. Na'urar yatsa ta nuna 98, ta goshi ta nuna 65. A bayyana dalilin bambancin.
4. Me gwajin 2023 ya nuna, wane darasi kuma kwamitin asibiti zai ɗauka daga ciki?